Sallau Mai Faifai

A garin Dogo, in ka ce Sallau kawai, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Sallau Mai Faifai, har akuya ta san gidan. Manomi ne, gero da gyaɗa, ga amalanken shanu da ya gada wurin mahaifinsa, wanda aka ƙera da ƙafafun wata tsohuwar mota da ba wanda ya tuna sunanta. Mutum ne mai taurin kai na ban haushi. In ya kafe kan abu, gara ka je ka yi wani aiki.

Sunan ya samo shi ne a wata kaka da gero ya yi kyau. Ya gama yanka, dammuna na jibge a gona mai nisa, sai jantin amalanken, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, ya tsage gida biyu. Ga shi an riga an yi shela: daga kasuwa mai zuwa za a saki gonaki, dabbobi su shiga kiwo. Duk abin da suka tarar nasu ne, ba shari'a. Amalanken maƙwabta kuwa kowanne na kan jigilar mai shi.

Sallau ya ƙirga kusoshin ƙafar da yatsunsa, biyar cif. Ya hau mota zuwa Damagaram, ya sayo janti mai rami biyar, ya dawo yana fara'a. Da ya ɗora, biyu suka shiga, uku suka tsaya a bakin rami suna kallonsa. Ya juya ta nan, ya juya ta can. Ina!

Garba mai walda ya leƙo ya ce, "Kawo in faɗaɗa maka ramukan da wuta, kowa haka yake yi."

"Haka ka yi wa na Hassan," in ji Sallau, "ƙafar ta riƙa rawa har ta cinye kusoshin ta bar shi a tsakiyar yashi. Ba za a taɓa mini ba."

Ashe ba yawan ramuka kaɗai ake dubawa ba. Ramukan a kan da'ira suke zaune, kuma kowace irin mota da faɗin tata da'irar. Ko da tsinin farce aka saɓa, ƙafa ba za ta zauna daidai ba. To, ta yaya mutum zai ɗauki da'ira ya kai birni?

Hajara matarsa ce ta gaji da tsakin da yake ja. Ta ɗauko sabon faifanta, ta shafa baƙin tukunya a kan kusoshin, ta danna. Ɗigo biyar suka fito. Ta huda kowanne ta soka tsinke, ta miƙa masa ta ce, "Ungo, Malam. Wanda duka biyar suka shige, shi ne naka. Kuma ka dawo mini da abina."

Wayyo, irin dariyar da ya sha wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafan mota da ya koma Damagaram! Ƙato da gemu, jantin da ya ƙi shiga a ka, faifai a hammata. "Baba, tankaɗe ka zo yi?" Abin ya yi masa zafi ƙwarai. Ya bi tulin ƙarafa ɗaya bayan ɗaya yana durƙusawa yana gwadawa, har gwiwoyin wandonsa suka yi baƙi. Wani ramuka huɗu, wani shida, wani biyar ɗin amma na ƙarya. La'asar ta yi bai samu ba, kuma tun a hanya ya ga garken shanu na taruwa a bakin gonaki.

Yunwa ce ta kai shi gun wata mai tuyar awara kusa da tasha, Ramlatu. Yana jiran a zuba masa, idonsa ya faɗa ƙarƙashin kaskonta. Murhun nata janti ne.

"Baiwar Allah, don Allah ɗan ɗaga kaskon nan."

"Bawan Allah, lafiyarka kuwa? Mai na tafasa!"

Ya tsuguna ya jira har ta kwashe tuyar. Suka kife murhun, suka yayyafa ruwa, ya ɗora faifai. Tsinke biyar suka shige sumul. Sallau ya ji hawaye na neman kunyata shi a gaban mutane. Ya sauke jantin da ke kansa ya ce, "Ga sabon murhu, wuta ba ruwanta da ramuka." Ramlatu ta duba ta ga nasa ya fi nata kauri, ta ce ya ɗauke tsohon da tokarsa ya ba ta wuri.

Ran da aka saki gonaki, shanun farko sun shigo ta gabas yana ɗaure damin ƙarshe ta yamma. Ƙafar ba ta yi ko gezau ba har bakin rumbu.

Yau gashinsa ya yi fari, amalanken na nan yana aiki, faifan kuma na rataye a zaure, ya hana kowa taɓawa. Hajara ba ta daina neman abinta ba. Duk kaka, in ta ɗebo sabon gero za ta sheƙe, sai ta ɗaga murya yadda zai ji: "Geron Ramlatu, faifan Hajara, suna na Sallau!"