Ranar da Na Mari Yayana

Akwai gafarar da nake son nema wajen yayana tun ina 'yar shekara tara, har yau bakina ya ƙi furta ta. Ni da nake wuni ina surutu a gaban aji, ana jin muryata har bakin rijiya, in na zauna kusa da shi sai in ƙare a gaisuwa da tambayar damina.

Mu biyu Inna ta haifa, a wani ƙauye kusa da Kwaya. Ya girme ni da shekara huɗu. Baba bai sa shi lakwal, wato makarantar boko, da wuri ba saboda kiwon awaki, ya kuma maimaita aji sau ɗaya, shi ya sa na tarar da shi muka zauna aji guda. Ajin na zana ne, kowace kaka sai an sake kafa shi bayan an yanke hatsi. Ni ina bencin gaba don ƙanƙantata, shi yana can baya da sauran dogaye, waɗanda gwiwoyinsu ba sa shiga ƙarƙashin tebur.

Yayana yana da in'ina. A gida ba wanda ya damu, mun saba jiransa. In kalma ta maƙale masa sai ya runtse ido, ya buga ƙafa a ƙasa, ta fito. Amma lissafi a kansa yake zaune. Shi ya koya mini ninka lamba da ƙwayar gyaɗa, muna ɓarar iri a tsakar gida. Zai jera layi bakwai, kowane layi ƙwaya takwas, ya ce in faɗa. In na faɗi daidai in cinye layi ɗaya. Inna ta sha yi mana faɗa, wai za mu cinye gonar tun ba a shuka ta ba. Ba ya yabona da baki, don yabon zai ɗauke shi lokaci. Sai dai ya dungure mini goshi da yatsa, yana murmushi.

Malaminmu, da muke ce wa Mushe kamar kowane malamin lakwal, ba mugu ba ne, kuma ba zan ɗora masa abin da ba nasa ba. Saurayi ne da aka turo daga Damagaram, yana bin gida-gida yana roƙon a bar 'yan mata su zo karatu. Sai dai yana da wata ƙa'ida da shi ma a kanta aka koyar da shi. Zai jefa tambaya, ya nuna yaro, ya ƙirga uku. Wanda bai amsa ba ya miƙe tsaye. Haka zai yi ta nunawa har a sami wanda ya faɗi daidai. Sai aji ya tafa masa, Mushe ya ce “Tirebiyan,” wato madalla da Faransanci, sannan gwanin ya bi na tsaye ɗaya bayan ɗaya ya mare su. Wai ladansa ke nan, su kuma su ji kunya su ƙara ƙoƙari. In ka yi marin wasa, Mushe zai nuna maka na gaske a kumatunka.

Ran nan mun dawo daga hutun hantsi, rana tana ratsowa ta ramukan zana. Mushe ya ce bakwai sau takwas, ya fara daga bencin baya. Yara huɗu suka miƙe. Ya nuna yayana. Na waiwaya na ga ya buɗe baki, ya runtse ido, ƙafarsa ta daki rairayi. Na san ya sani, ai a hannunsa na ci wannan amsar. Amma da Faransanci ake so, kuma Mushe ya riga ya fara ƙirga. Kafin kalmar ta fito an kai uku. Ya miƙe, ya zama na biyar.

A nan ne ba ni da abin kare kaina. Mushe bai nuna ni ba. Ni na ɗaga hannu, ina kaɗa yatsu, ina cewa, “Mushe, ni! Mushe, ni!” Na san ƙa'idar, na kuma ga wanda ke tsaye. Tafin nan kawai nake so, kuma da aka yi shi na ji daɗinsa har cikin raina. Ba zan yi ƙarya ba.

Na mari huɗun farko ba tare da na dubi fuskarsu ba. Da na iso gabansa hannuna bai kai kumatunsa ba, aji ya fashe da dariya. Mushe ya ce in hau benci. Kafin in ɗaga ƙafa, yayana ya sunkuyo har fuskarsa ta zo daidai da tawa. A hankali ya ce, “Y-yi da ƙarfi, Auta.” Tsoronsa kada in sassauta a gwada mini. Na yi da ƙarfi. Ya miƙe, ya koma mazauninsa, shatin yatsuna a kumatunsa na hagu.

Labari ya riga mu isa gida. Inna tana tatsar man gyaɗa, ba ta ɗago ba ta ce, “Da wane hannu?” Na miƙa mata na dama. Ta dube shi ɗan lokaci, ta ci gaba da aikinta. Da ta dake ni da na huta. Baba kuwa da ya dawo da la'asar dariya ya yi, ya ce, “Ashe macen ce namijin gidan nan.” Ya zaro dabino biyu daga aljihu ya ba ni. Yayana yana gefe yana ɗaure awaki, kuma na cinye dabinon.

Da sau ɗaya ne da na ce ƙuruciya ce. Kafin ruwan farko ya sauka na mare shi sau huɗu ko biyar. Daga na uku bai ƙara ce mini in yi da ƙarfi ba, don ba na buƙatar a faɗa mini. Sunkuyawar dai bai fasa ba. Abin da ya fi damuna shi ne da yamma zai jawo kwandon gyaɗa ya jera mini layi kamar kullum, ya koya mini ninkin tara, wanda washegari zan mare shi da shi. Goshina ne kawai ya daina taɓawa. Samarin unguwa suka laƙaba masa suna, 'yan mata a rijiya in ya zo ban ruwa sai su riƙe kumatu suna dariya.

Da aka koma lakwal bayan kaka, bai koma ba. Baba ya ce kansa ba na boko ba ne, gona kuma tana son hannu. Ba wanda ya haɗa wannan da ni. Na ci jarrabawa na tafi kwalej a Magarya, shi ya ɗora akwatina a amalanke ya kai ni bakin hanya. Shi yake kawo mini hatsi da ƙuli-ƙuli. Da na zama malama ya fara kirana Madam don tsokana. Yanzu manomi ne, yana kai wake da gyaɗa kasuwar Mallawa, kuma masu latsa waya ba sa gama latsawa ya riga ya faɗi tiya nawa ke cikin kayan. Ko sau ɗaya bai taɓa tayar da maganar nan ba. Na lallashi kaina da cewa ya manta, yara ai suna mantawa.

Ni dai ban manta ba. A ajina ba yaron da ya taɓa ɗaga wa wani hannu. Ina yabo, ina gyara, kuma mai nauyin baki ina jiransa ko zai kai azahar. Duk da haka, in na ce a tafa wa wani, tafin hannuna na dama yakan ɗauki zafi, sai in sa shi a ƙarƙashin mayafi. Wani lokaci idona yana kaiwa bencin baya sai in ga kamar akwai dogo a tsaye yana jira in iso.

Shekara uku da suka wuce aka dawo da ni lakwal ɗin ƙauyenmu, yanzu ginin siminti ne, aka ba ni ajin 'yan farko. Ranar rubuta sababbi ina zaune a inuwar bishiyar bedi da babban kaye na rubuta sunaye a gabana, sai ga yayana a kan babur da 'ya'yansa biyu. Namijin shekararsa tara, shiru-shiru, shi ma kiwo ya riƙe shi. Macen shekararta bakwai, bakinta ba ya hutawa, duk dangi suna cewa ni ta ɗauko. Tun kafin ta sauka take karanta mini lambobin da ke jikin bango. Na yi murna ƙwarai, na ce a raina yau abin ya wuce.

Muka gaisa. Ya dubi ginin, ya ce, “Madam, a-ajin 'yan farko nawa ne?”

Na ce, “Ɗaya ne, Yaya.”

Ya kalli yaran. Sannan ya ce, “To rubuta namijin. Ita ta jira baɗi.”

Na ce, “Haba Yaya, ai ta isa. Ta ma fi...” Sai na kama bakina.

Ya ce, “Na san ta fi shi. Shi ya sa.”

Na ce, “Yanzu ba a yin wannan, an hana tuntuni. Kuma ai ni ce a ajin.”

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, ya ce, “Na san ke ce.”

Ya ɗaga yarinyar ya ɗora a gaban babur. Tana ta tambayarsa ina nata allon. Kalmar da nake riƙe da ita tun ina yarinya tana bakina, na bari ƙarar babur ta rufe ta. Na ɗauki bik na rubuta suna ɗaya.

Shekara ta zagayo, wata ta bi ta. Bai kawo ta ba, ni kuma ban iya tambayarsa ba.