Takalman da Na Jefa Kan Tanki

Haƙorana sun zube saura huɗu, amma wannan abu ba zai taɓa zubewa daga kaina ba.

Zamanin soja ne, ina direban motar kwana-kwana. Boko dai aji biyu na yi, malam ya ce in je in taimaki babana a gona. Sai aka turo mana ma'aikaciya mace, ita kaɗai cikin ƙarti tara. Muka sa ta gaba, ni ne kuwa limamin tsiya. "Yarinya, mace ai da hura wuta aka san ta, ba kashewa ba." Yau barkono a hular kwanonta, gobe a tare mata ƙofa da sunan wasa. Ba ta tankawa. Ni abin da ke cina, in ga ranar da za ta fashe. Na ga tana ramewa, tana zama bayan mota tana magana ita kaɗai, a wautata na ce iskokai ne.

Wata safiya na ɗauke manyan takalmanta na aiki na jefa kan tankin ruwan ofishinmu. Ko koko ban gama sha ba aka zo a guje: gobara a wani ƙauye wajen Yako. Ta duba ta rasa, ta hau mota da silifas.

Wutar wankan jego ce ta kama danga. Maijegon na maƙale a makewayi, zanenta ya ƙone, ga maza cike da gida.

Muka yi ta ihu, "Ki fito!"

"Wallahi gara in ƙone!"

Muka yi cirko-cirko riƙe da mesar ruwa. Yarinyar nan tamu ta jiƙa bargo, ta taka garwashi ta shige, ta fito da ita a lulluɓe. Silifas ɗin ya narke a tafin ƙafarta.

A hanyar asibiti na ce, "Ni na ɓoye takalmanki."

"Na sani, Baba."

"To me ya hana ki kai ƙarata tuntuni?"

"Wurin wa? Oga ne ke fara dariya. Ƙafa za ta warke. Wata biyar rabona da barcin kirki, in na ji muryarku gabana faɗuwa yake. Wutar nan ta fi min sauƙi."

Ta warke, amma ba ta dawo ba. Na sauko da takalman na goge, suka shekara a bakin ƙofa suna jiranta. Da gemuna na koyi cewa mai shiru ba ƙarfe ba ne, kuma duk wasan da mutum ɗaya ba ya dariya, ba wasa ba ne.