Na sayar wa taubashina tsohuwar mota a cikin sabuwar leda

Malam Edita, assalamu alaikum. Ni dai wawa ne, gara in faɗa da bakina tun daga farko don masu karatu su huta da neman sunan da za su kira ni da shi. Kuma wautar nan ba ta yarinta ba ce, da furfurata na yi ta, ina da jikoki. A lokacin ni direban a-kori-kura ne a wani ƙauye tsakanin Jahun da Dutse, motar tawa ce, ina ɗaukar buhunan gero da riɗi da zoɓo, da awaki, da duk wanda ya samu wurin ɗora ƙafa. Karatun bokona bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, shi ma ban gama ba, domin na fi mayar da hankali ga tsokanar malamin. In kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, mai shi ma a karkace yake. Abin da aka san ni da shi a tasha shi ne barkwanci da shirga ƙarya don a yi dariya, kuma har zuwa shekarar da zan ba ku labarinta, ƙaryata ba ta taɓa cutar da kowa ba.

Tsohuwar motata ta gaji har ta kai sai an tura ta da safe, kuma in za ta tsaya sai ta ga dama. Burina tun ina yaron mota shi ne in sayi sabuwa dal, wadda ba wanda ya taɓa zama a kujerarta, ko da ita ce ta ƙarshe kafin a kai ni kushewa. Na daɗe ina tanadi, ina kiwon raguna ina sayarwa da babbar salla, ina zuba adashi. Da na ga abin ya kusa, sai na sayar da tsohuwar na nufi Kano da hula a karkace. Mai sayar da motocin ya faɗa mini farashi, na ɗauka na mota biyu yake nufi. Ya ce ai dala ce ta tashi, in kuma ban saya yau ba, in na dawo sai na ji wani sabon labari. Na ce masa ni ba yau aka haife ni ba, na san dabarar 'yan kasuwa, zan jira ta sauko. Bayan kaka na koma da ƙarin kuɗin riɗi, na tarar ta ƙara gaba. Na sayar da gonata ta bakin fadama na sake komawa, mutumin ko kujera bai ba ni ba wannan karon. Kullum ina bin motar nan tana gudu, ni a ƙasa, ita da tayoyi huɗu.

Ba ni kaɗai abin ya shafa ba. A tashar Dutse na ga manyan direbobi sun koma a-daidaita-sahu suna sunkuyar da kai in sun hango mu. Wasu mutum biyu ko uku suka haɗa hannu suka sayi 'yar Kwatano ɗaya, wato ta hannu, suna karɓa-karɓa, suna faɗa a kan wa ya fasa fitila. Wasu suka zauna da akwalarsu, yau walda gobe waya. Wani dattijo a garinmu ya gyara amalankensa ya ɗaura wa shanu, ya ce su dai ba ruwansu da dala. Duk waɗannan sun fi ni hankali. Ni na riga na cika baki a majalisa cewa sabuwa zan kawo, kuma na fi tsoron dariyar mutane fiye da yunwa.

Ana haka wani dillali ya ja ni gefe, ya kai ni wani gareji a bayan Yalwawa. Aka ɗaga tamfol, sai ga a-kori-kura fara tas, sabon yayi, tana ɗaukar ido. Bai ɓoye mini komai ba, wannan zan faɗa ko a gaban Allah. Ya ce motoci biyu ne suka yi hatsari, ɗaya gabanta ya tsira, ɗaya bayanta, aka yanke aka haɗa su a tsakiyar shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da motar gaba ɗaya, aka yi walda aka fesa fenti. Na leƙa ƙasa na ga ɗinkin da idona. Kuɗin da ke hannuna ya isa har da saura. Da sauran na shiga kasuwa na sayi farar leda mai kauri, na zauna a garejin nan ni da almakashi na naɗe kujeru da sitiyari da madubin rana, yadda ake kawo sababbi daga kamfani. Masu garejin suna ta dariya, suna cewa Baba ai kai ne kamfanin.

Ranar da na shiga gari da ita sai da aka bar sallar la'asar ta kusa wucewa. Mata na leƙe ta katanga, dattawa na shafa bodi suna sa albarka, an hana kowa zama a kan ledar da wando mai datti. Mai ɗakina ce kawai ta shinshina ta ce ita ba ta san sabuwar mota na warin tsohuwar taba ba, na ce mata Turawan da suka ƙera ta ne mashaya.

A cikin masu kallon akwai taubashina. Ɗan kawuna ne, ni ɗan gwaggonsa, kuma duk wanda ya san wasan taubasai ya san abin da ke tsakaninmu. Tun muna yara yake kirana bawansa, ni kuma ina ce masa mai warin nono, domin su ɓangarensu ba su bar kiwo ba, yana da garkensa a bayan gari. Ya taɓa aika mini wai an yi mini rasuwa a Takur, na je da carbi na tarar da suna ake yi. Ni kuma na taɓa sayar masa da zakaransa da na sace a gidansa. Amma wasan yana da ƙa'ida ɗaya wadda ba mu taɓa karyawa ba. In ka shirga wa ɗan'uwanka ƙarya, ka bar shi ya sha wahalarta kwana ɗaya ko biyu, sannan ka zo gaban mutane ka tona, a yi masa dariya, a wuce wurin. Ranar nan ya zagaya motar, ya ce shi bai yarda bawa zai iya sayen sabuwa ba. Na kama hannunsa na ɗora a kan ledar, na ce ya taɓa ya ji, amma ya fara goge man shanun da ke yatsunsa. Ya taɓa, sai na ga ya yarda. Daɗi ya kama ni. Na ce a raina bari in bar shi ya yi kwana biyu yana yaɗawa, sannan in kwance masa zani a majalisa. Kwana biyun ya zo ya wuce, girman da ake ba ni ya yi mini daɗi, na ce sai mako mai zuwa.

Na yi 'yan watanni ina aiki da ita lafiya. Sai wata rana na ɗauko gero daga kasuwar Jahun, na fara jin wata ƙara daga ƙarƙashin kujera, ƙiƙ-ƙiƙ, kamar tsohuwar ƙofar langa-langa. In babu kaya ba ta yi, in an yi lodi sai ta fara. Na koma garejin a ɓoye. Mai waldar ya shiga ƙasa ya fito yana kaɗa kai, ya ce ɗinkin ya fara buɗewa. Ya ƙara mata wuta, amma ya ce in ji tsoron Allah in daina yi mata lodin kasuwa, ta dace da ɗaukar katifa da kayan amarya ne kawai. Na ce to. Na dawo gida ina tunanin yadda mutum zai ci abinci da motar da ba ta ɗaukar kaya.

A makon nan ne taubashina ya zo mini har zaure, kuma ranar bai ce mini bawa ba, ɗan'uwa ya ce. Ya ce kiwo ya zama wahala, burtali ya toshe da gonaki, dusa ta yi tsada, ƙafafunsa sun gaji da bin shanu. Yana so ya sayar da garken ya sayi mota ta riƙa ciyar da gidansa. Ya je Kano ya tambayi sabuwa, ya dawo da ciwon kai. 'Yar Kwatano kuma yana tsoro, shi bai san mota ba, za a cuce shi. Ya ce tawa ce kaɗai ya san asalinta, tunda a gabansa aka kawo ta da ledarta, in na yarda in sayar masa, ya fi son kuɗinsa ya shiga hannun na gida.

Malam Edita, a nan ne ya kamata in fashe da dariya in ce mai warin nono, ka faɗa! Wallahi dariyar ta zo har maƙogwarona. Amma na tuna gonar fadamata da ta tafi, na tuna ƙiƙ-ƙiƙ ɗin nan, sai na ji bakina yana cewa ai rabuwa da sabuwar mota da wuya, amma don shi zan daure. Har na ja masa rai kwana biyu. Na raka shi kara, kasuwar shanu, na tsaya ina kallo ana buɗe bakin shanunsa ana duba haƙora, har da wata farar saniya da ya gada daga uwarsa, wadda sai da ya juya baya aka ja ta. Na ce a raina in ya biya zan gaya masa ya rage lodi. Da ya biya na ce in ya samu direba zan gaya wa direban. Direban kuwa abin da na ce masa shi ne ya riƙa bin ta a hankali, sabuwa ba ta son garaje.

Abin ya faru da hantsi, ranar kasuwa, bayan an cire amfanin gona. An yi mata lodin riɗi har sama da kai, mutane a bisa. Taubashina yana gaba, sai aka samu wata mata mai tsohon ciki, ya sauka ya ba ta kujerarsa ya hau kan buhuna. Da suka zo wani kwalbati da ruwa ya cinye gefensa, motar ta faɗa rami ta tashi, sai ta karye a tsakiya, daidai ɗinkin. Gaba ya yi gaba, baya ya kife. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, matar ma ta haihu lafiya daga baya, direban ya karye a hannu. Taubashina kuwa buhuna suka danne shi a gadon baya. Aka kai shi asibiti a Jahun, daga can aka tura shi Kano, aka dawo da shi gida a kwance. Daga ƙugu zuwa ƙasa bai sake sanin yana da jiki ba.

Kuma ban tsaya nan ba. Yana asibiti na ruga wurin da motar take, na kira masu sayen tsohon ƙarfe daga Dutse, suka yanyanka ta suka kwashe kafin wani bakanike ya leƙa ƙasanta. Na kai wa iyalinsa abin da aka samu, mutane suka yi ta yaba zumuncina, har liman ya kawo misali da ni. Kowa ya ɗora laifin a kan kwalbati da yawan lodi.

Ya yi shekara biyu da wani abu a kan tabarma a zaurensa. Ba shanu, ba mota, 'ya'yansa suka watsu neman ƙwadago. Kullum nakan je da goro ko fura, in zauna, ya ce bawa ya zo gaishe da ubangidansa, ya ce in matsa masa ƙafar da ba ya ji. Sau da yawa na shirya maganar tun daga gida, in na zo sai in tarar yana dariya, in ce bari gobe. Da damunar da ta wuce ya rasu. Ni na shiga kabarin na karɓe shi.

Tun daga ranar hatsarin ban sake taɓa sitiyari ba. Kuɗin shanun nan ban iya cin su ba, sun narke a magani da hatsin da nake kai wa gidansa, kuma ban ɗauka hakan ya biya komai ba. Ƙarar nan ce ba ta bar ni ba. In aka buɗe ƙofar masallaci, in jikata ta ja kujera, in guga ya gogi bakin rijiya, sai in ji ƙiƙ-ƙiƙ, in rasa raka'a ta nawa nake. Ko farar leda na gani iska na ja a hanya sai gabana ya faɗi. Mutanen tasha suna cewa tsufa ya cinye mini barkwanci. Na bar su a haka.

Abin da zan gaya wa 'yan'uwana masu neman mota a wannan tsadar shi ne, in sabuwa ta fi ƙarfinka, ka faɗa da bakinka cewa ta fi ƙarfinka. Dariyar majalisa kwana biyu take yi. Ka gyara akwalarka, ko ku haɗa hannu, ko ka hau amalanke da mutuncinka. In za ka sayi ta hannu, ka je da bakaniken da ka yarda da shi ya kwanta a ƙasa ya duba, ko da mai sayarwar uwa ɗaya uba ɗaya kuke, kada ƙyallin fenti ya isar maka. Masu wasa irina kuma, in kun shirga ƙarya ku tona ta da wuri, tun ba ta samu kuɗi a kanta ba. Ina roƙon wanda ya karanta ya yi wa taubashina addu'a, ni kuma ya roƙa mini ƙarfin zuciyar da zan tara 'ya'yansa in gaya musu, domin har yau ban yi ba.

Ana saura 'yan kwanaki ya rasu, ina zaune ina yi masa fifita, sai ya kamo hannuna. Ya ce bawa, akwai abin da ya daɗe yana so ya gode mini. Ya ce kullum yana tuna matar nan mai ciki da mutanen da ke kan buhuna, yana ganin yadda motar ta rabu biyu amma kowa ya tashi. Ya ce Allah ne ya taimake su sabuwa na sayar masa, da tsohuwa ce da ranar gari guda ya yi jana'iza.