Kan Rago a Teburin Likita

Mahaifina mahauci ne a Talata Mafara, amma ba ruwansa da tsoka. Kai da ƙafa ne sana'arsa. Tun ina ƙarama nake tsugunawa ina kallon yadda yake babbake kai, ya kankare, ya ɗora a kututture, ya ba shi sara ɗaya a tsakiya, ya ɗago ƙwaƙwalwa a tafin hannu ko ɗigo ba ta zube ba. Ni ce sarkin tambaya a gidanmu. Me ya sa wannan ya yi fari? Ina wannan jijiyar ta nufa? Wata rana ya amsa, wata rana ya ce in tashi in ba shi wuri. Har na girma na zama malamar makaranta a Bakura, halin bai sake ni ba.

Ciwon Baba da tsegumi ya fara. Aka ce ya koyi girman kai. Ranar kasuwa mutum zai tsaya a gefensa ya ɗaga masa hannu, shi kuwa ya wuce kamar bai taɓa ganinsa ba. Wani dillalin shanu daga Maradun, amininsa tun suna samari, ya yi fushi har ya aiko min da saƙo. Na zo gida da faɗa a bakina. Na tarar da shi zaune a zaure, na tsaya dab da kafaɗarsa ina kaɗa mayafi, ko motsi bai yi ba. Sai da na zagayo gabansa ya ce, "A'a, yaushe kinka zo?" Nan na gane ba girman kai ba ne. Abin da ke gabansa kawai yake gani, kamar mai leƙe ta kafar ƙofa.

An gwada tabarau, bai yi ba. Aka tura mu ɗaukar hoton kai, daga can aka haɗa mu da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Sakkwato. Mutum ne siriri mai sanyin murya, furfura ta fara tsirowa a gemunsa. Ya nuna mana hoton, ya ce wani ƙari ne ya fito a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, yana danne jijiyoyin ido a daidai inda suka gitta juna. In an bar shi, ɗan ganin da ya rage ma tafiya zai yi.

Baba ya ce, "To, kai za ka hwasa ke nan?"

Likita ya ce, "A'a, Baba. Ta hanci zan bi."

Baba ya yi godiya mai tsawo, ya tambayi lafiyar iyali da ta aiki, ya sa albarka. Muna shiga mota ya ce, "Wanga yaro maƙaryaci na."

Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na ce masa mutum ya kwashe rabin rayuwarsa yana karatun abu, kai da ko sunan ciwon ba ka iya faɗa ba za ka ƙaryata shi? Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Shekara nawa nika hwasa kai? Hanci na nan, ƙwaƙwalwa na can, ƙashi na tsakani. Wanda yay yi man ƙarya da baki, ba ni miƙa mai kaina." Mako biyu muka yi a kan haka. Ana nan ganinsa yana ta ƙara tsukewa, har ya fara lalubar butarsa alhali tana kusa da ƙafarsa.

Gaskiya ni ma abin yana ci na. Ta hanci, ta yaya? Ranar wata Talata na fasa gardama, na sayi kan rago na ajiye a gabansa. Na ce, "Baba, ni ma ban gane ba. Nuna min inda ƙaryar take." Ya yi tsaki, amma ya karɓi gatari. Ya raba kan a tsaye, ya ɗebe ƙwaƙwalwa, ya zari tsinken tsintsiya ya zura ta hanci. Na kafa ido ina bin tsinken yana tafiya, yana tafiya, har ya ci karo da ƙashi. A bayan ƙashin nan akwai wani ɗan gurbi, da wata 'yar tsoka kamar ƙwayar wake zaune a ciki.

Baba ya daɗe yana shafa wurin. Can ya ce, "Wagga aba kullum nan taka maƙalewa. Da babban yatsa nika ƙwaƙulo ta." Ya sake zura tsinken. "Hanya akwai. Amma ƙohwa babu."

Shi ya ce mu koma, kuma da kan ragon za mu tafi. Na roƙe shi ya rufa min asiri, ya ƙi. Haka na shiga asibiti riƙe da kular abinci da ƙanƙara a ciki, ina ta sunkuyar da kai. Da ya buɗe kular a teburin likita na so ƙasa ta tsage. Likitan ya leƙa, ya kwashe da dariya har da riƙe ciki, sai ga shi yana saka safar hannu. Ya ce da kan rago suka fara koyon riƙe kayan wannan aikin. Shekarunsa na farko duk a buɗe ƙoƙon kai ya yi su, a yanke ƙashi, a ɗage ƙwaƙwalwa a hankali kafin a kai ga ciwon. Daga baya ya tafi ya koyi aiki da wani siririn ƙarfe da bai kai kaurin biro ba, mai fitila da kyamara a bakinsa. Hannunsa na cikin hanci, idonsa na kan talabijin.

Na ja kujera na matso, kunyar ta tafi. Likitan ya karɓi tsinken Baba ya nuna. Ya ce a irin wannan gurbin ƙarin yake, na mutum ma ya fi na rago kusa, kuma a bayan hancinmu akwai wani ɗan ɗaki da babu komai a ciki sai iska. Bangonsa na ciki bai fi ɓawon ƙwai da yawa ba. Nan zai buɗe ƙofar.

Baba ya ce, "Akwai ruwa cikin kai. In ka huda yaz zubo, da mi za ka toshe?"

Likitan ya daina murmushi, ya dube shi sosai. Ya ce, "Ka taɓo inda ke ba mu tsoro. Da kitse nake toshewa."

"Kitsen mi?"

"Naka, Baba. Daga gefen cibiya zan ɗan yanko."

Rabon da in ji dariyar Baba irin ta ranar har na manta. Sai likitan ya ƙara da cewa ba zai yi alkawarin duk ganin zai dawo ba, domin jijiyar da ta daɗe a danne wani lokaci ba ta farfaɗowa. Baba ya rufe kular ya ce, "Yanzu ka yi maganar masu sana'a. Sa rana."

Da aka fito da shi daga ɗakin tiyata, kansa na fara dubawa. Na zagaya gaba da baya ina neman ɗinki, ko aski ba a yi masa ba. Auduga ce a hanci, sai 'yar filasta a ciki. Aka hana shi fyace majina da sunkuyawa, ya yi makonni yana salla a zaune yana mita.

Ganinsa na ɓangaren dama ya buɗe a hankali. Na hagu bai dawo ba, kuma likitan ya ce kada mu sa rai. Baba ya bar gatari, amma yana gane mutane, yana zuwa masallaci da ƙafarsa.

Ranar da ya fara fita kasuwa na raka shi. Na zaɓi damansa na jera da shi, don ina so ya riƙa ganina, in riƙa ganin yana ganina. Mun ɗan taɓa tafiya sai ya tsaya.

Ya ce, "Ke, koma hagu."

Na ce, "Baba, ai a can ba ka ganina."

Ya ce, "Na sani. Nan ina iya ma kaina. Can nika bukatarki."

 Na zagaya ta bayansa na tsaya a hagu, tsakaninsa da masu babura, muka ci gaba da tafiya.