Ranar da Mota Ta Ja Igiyar Rijiya

Ni ban yi boko ba, ba na kuma ɓoyewa. Jikata ce ke riƙe da alƙalami, na ce mata abin da ya fito daga bakina shi za ta sa, kada ta gyara mini magana.

A ƙauyenmu, can gefen Gafasa, a ƙofar gidanmu aka fara ɗaure mota. Haka mutane suke cewa, ɗaurewa, sai ka ce jaka. Ɗana na fari ne ya saye ta. Sunansa ba za ku ji shi a nan ba. Muna da jinin Fulani, kuma a gidanmu ɗan fari ba a kama sunansa, ba a zaman hira da shi, ba a haɗa ido. Kakarsa ce ta yaye shi ta riƙe, ni kuwa Adda yake ce mini, kamar wata yayarsa. Ubansa ya fi ni tsanani. In zai ce masa wani abu sai ya dubi bango ya ce, “A faɗa wa wancan,” ko da wancan ɗin yana durƙushe a gabansa. Mai kai magana tsakaninsu shi ne ƙanin maigida, wanda yaron ke ce wa Baffa.

Maigidana mai rijiya ne, haƙa da yasa, gadon gidansu. Ya so yaron ya karɓi igiya bayansa. Yaron ya gudu Wudil ya bi manyan motoci, ya yi shekaru, ya dawo direba. Daga ranar da ya dawo abu ɗaya yake nema a duniya: ya ji ubansa ya ce wannan aikin nasa ma aiki ne.

Ina cikin matsar man gyaɗa wata rana ƙanin maigida ya shigo, ya sa hannu a ƙulina ba sallama.

“Matar yaya, an aiko ni wurin shanunki.”

“Su suka ce maka suna neman baƙo? Cire hannunka, ɓarawon ƙuli.”

“Mijinki ƙarami kike ce wa ɓarawo? To ji. Turawan gona sun tafi sun bar tsofaffin motocinsu, ana gwanjonsu a Kano. Akwai wata jif da ba ta san laka ba, ba ta san rairayi ba, ƙafafunta huɗu duka ja suke yi. Ɗanki ya ce in tambaye ki.”

“Ni ba ni da ɗa mai aike.”

“To wancan ya ce in tambaye ki.”

Shanun nawa ne, na uwata ne da ta bar mini, ba wanda zai ce mini don me. Na ce a kora. Na tsame karsana ɗaya na riƙe, sauran suka tafi kasuwa.

Ranar da motar ta iso gari ya fashe. Koriya ce da ta koɗe, rufinta tamfol mai faci, taya ɗaya a ɗaure a kan goshinta. Ta katangar zana na leƙa. Maigida ya fito ya zagaya ta a hankali, hannuwansa a baya, yaron na tsugune gefe.

Ya ce, “A tambayi wancan, me take ci?”

Ƙaninsa ya ce, “Fetur, Yaya. Da baƙin mai.”

“Me take haifa?”

Ya juya musu baya. Ya koma zaure ya ci gaba da tufkar igiyarsa.

Amma ta yi aiki, wannan kam ko maƙiyi ya shaida. Da damina hanyar Ajingi zuwa Gaya ba hanya ba ce, fadama ce da ramuka. Babbar mota in ta kafe sai a turo mutum da gudu. Yaron ya ɗauki sarƙarsa, ya sa ƙaramin giya, ka ji tana gurnani har ta tsamo wadda ta ninka ta girma. Da kaka ta kwashi gyaɗa daga gonakin da ko amalanke ba ya shiga, ta kai sikeli. Mai naƙudar da ta gagara, wanda maciji ya sara, duk ita. Na daina saka zane mai faci. Gidanmu ba a kwana biyu ba a ji ƙamshin nama ba.

Sai dai tsohuwa ce, kuma jinyar tsohuwa ba ta ƙarewa. Batirinta ya mutu tun da wuri, da handil yake tayar da ita, wata rana handil ɗin ya dawo ya kusa karya masa hannu. Inda take kwana ƙasa ta yi baƙi, ko ciyawa ba ta fita. Kullum ka gan shi kwance a ƙarƙashinta, ƙafafu kaɗai a waje. Ya wanke fulogi da fetur, ya ɗura ruwa a lagireto, ya liƙe inda ke yoyo da sabulu. Shekarun da ake yaƙi kayan gyara suka yi wuya, sai ya je Kano ya dawo hannu wofi. Sifirin ya karye, wani maƙeri a Gaya ya ƙera masa wani. Salansarta, mai rage mata ƙara, ta ruɓe ta faɗi a hanya, ya ce wannan ba ta hana tafiya, abin da ya samu gara ya sa a taya. Daga nan in ta taso, tun tana bayan gari kaji ke watsewa. Mutum biyu a cikinta ba sa jin juna sai da ihu.

Duk wannan maigida bai taɓa cewa uffan ba. Naman da motar ta kawo yana ci. In an yi maganarta sai ya tashi alwala.

Sannan fari ya zo. Ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, shekarar da ta biyo ta fi ta muni. Ba laka, ba motar da za ta kafe. Ba gyaɗa, ba abin ɗauka. Aikin da ya rage mata shi ne jan mushen shanu zuwa bayan gari, kuma wannan ba wanda ke biya. Karsanar nan tawa, da ta zama saniya har ta yi jikoki, ita ma da sarƙar aka ja ta. Majiya ƙarfi suka watse cirani, gari ya rage tsofaffi da mata da waɗanda yunwa ta riga ta tsotse.

Rijiyoyi suka bi, suna ƙafewa ɗaya bayan ɗaya. Babbar rijiyar gari ce ta ƙarshe, ita ma guga ya fara dawowa da taɓo. Dole a yashe ta, a ƙara mata zurfi, kuma ba mai shiga sai maigida. Igiyarsa ba ta kai ba, aka aro wata doguwa wurin masu rijiya na Kademi.

Bari in faɗa muku yadda ake yi, don yaran yanzu famfo suka sani. Mutum ɗaya ne a ƙasa, yana cika guga da yashi, maza a sama suna ja a jere. In zai fito, sai ya zauna cikin zargen igiya su jawo shi. Wannan rijiyar tana da marmara a tsakiyarta, dutsen ya turo baki, ƙasansa kuma ƙasa ta zube ta yi kogo. Mai fitowa in ya iso nan sai ya fizgi igiya. Masu ja su ji a tafinsu, su tsaya cik, ya sa ƙafa ya ture kansa daga dutsen, ya sake fizga, su ci gaba. Ba magana ake yi ba. Hannu ne ke ji.

Ranar farko mazan suka ja har hantsi, suka zube. Yashi jiƙaƙƙe nauyi ne da shi, su kuwa ba komai a cikinsu sai kunun dusa. Da yamma ƙanin maigida ya same shi a tsakar gida, ina jin su.

“Yaya, wancan ya ce yana da ɗan sauran fetur.”

“Sha za mu yi?”

“Ja za ta yi. Yadda sa ke jan guga.”

Maigida ya dubi bango. Can ya ce, “A kawo ta.”

Washegari muka fito da tulunanmu, mu mata, muka zauna a inuwar tsamiya muna jira. Aka ɗaura igiya a ƙugiyar bayan motar, aka ɗora ta kan gungumen bakin rijiya. Aka gwada da guga, inda motar ta kai lokacin da ya iso sama aka ja layi a ƙasa, aka kafa sanda. Yaron ya tafi a hankali har sandar, ya tsaya, a juye yashi, ya dawo da baya. Ba abin da yake kallo sai wannan sandar. Abin da maza suka kasa a wuni, ta yi shi kafin rana ta take. Tsibin yashi ya tashi. Yashin ya fara fitowa yana ɗiga. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa da muryar da ba ta da ita.

Aka kashe inji don a ji na ƙasa. Muryar maigida ta taso daga rami, ƙaninsa na kwance rub da ciki yana saurare. Ya miƙe yana dariya.

“Ido ya ɓalle! Ya ce ruwa har ƙwaurinsa!” Sannan ya juya wajen yaron. “Kai, ka ji abin da ubanka ya ce? Ya ce a ce wa mai mota ya fito da shi. Mai mota fa ya ce, ba wancan ba!”

Ban dubi fuskar yaron ba, ba na duba. Amma na ga yadda ya ɗauki handil, na ga bugu ɗaya ya yi ta tashi.

Kowa a wurin ya san ana tsayawa a marmara. Saboda kowa ya sani, ba wanda ya faɗa. Mutum ɗaya ne bai sani ba, wanda ya bar igiya tun yana ƙarami, kuma shi ne a kan sitiyari. Ubansa da ya san bai sani ba, ba ya magana da shi. Ba hannu ko ɗaya a kan igiyar.

Ta tafi a hankali, wallahi a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Ina kallon igiyar na ga ta yi rawa. Ta sake yi. Sai ta miƙe ta ɗaure, gungumen ya yi ƙara. Maza suka ɗau ihu suna kiran sunansa, wasu suka bi motar da gudun da ba su da shi. Na buɗe baki ni ma, abin da ya fito “Kai! Kai!” ne. Ko wane suna aka kira, ƙarar nan ta haɗiye shi. Motar da ke tsamo lodin gyaɗa daga fadama, me za ta ji a jikin tsoho ɗaya? Ta ɗan yi nishi, igiyar ta saki, ta ci gaba.

Daidai sandar ya tsaya. Ya kashe inji, ya sauko yana murmushi.

An jawo maigida kan gungume da rai. Kafaɗarsa ba ta inda take, bayansa ya lanƙwashe, jini na fita ta baki. Aka shimfiɗa tabarma a bayan motar. Na shiga na ɗora kansa a cinyata, ƙaninsa ya riƙe ƙafafu. Muka nufi Gaya, inda ake da ɗakin magani. Rairayi ne har gwiwa a hanyar, ta ratsa shi ba gardama.

Mun yi nisa maigida ya buɗe ido. Ƙaninsa ya kai kunne bakinsa, ni ma na sunkuya.

Ya ce, “Igiyar nan ta mutanen Kademi ce. A ce wa wancan ya mayar musu.”

Ya yi salati. Kafin mu hango rumfunan Gaya ya cika. Ƙaninsa ya miƙa hannu ya taɓa kafaɗar yaron, ya yi masa alama ya juya.

Da ruwan rijiyar aka yi masa wanka. Ba wani ruwa a garin.

Bayan an share makoki ƙanin maigida ya zo ƙofar ɗakin da nake takaba. Ya tsuguna daga waje. Ranar ba wasa a bakinsa.

“Yaron ba ya ci, ba ya barci. Ya ga bakin Yaya ya motsa a mota, bai ji ba. Ya ce in faɗa masa abin da ya ce.”

“To faɗa masa.”

“Zan ce masa ya ce ya yafe. Ya ce Allah ya yi masa albarka. In ya tambaye ki ta bakin wani, ki ce haka ne.”

“Haka ya ce?”

“Da ya ƙara numfashi ɗaya da ya faɗa.”

“Bai ƙara ba.”

“Matar yaya, ɗanki ne fa.”

“Mamacin kuma mijina ne. Yana raye ban taɓa sa masa magana a baki ba, ba zan fara yana kabari ba. Faɗa masa abin da aka ce.”

Ya tashi ya tafi. Na ji su shi da yaron a zaure, maganar ba ta daɗe ba. Can na ji ana nannaɗe igiya, na ji handil, na ji ta tashi. Na bi ƙararta da kunne har ta ɓace ta wajen Kademi.

Ya kai musu igiyarsu, sun shaida. Daga can bai juyo gida ba. Aka ce an gan shi a Wudil, aka ce a Kano, daga baya aka ce ya sayar da ita ya koma tuƙin babbar mota a kudu. Har farin ya wuce buhun hatsi bai daina zuwa gidanmu ba, a motar wasu, a jakin wasu. Da shi na riƙe ƙannensa, ba wanda ya mutu mini da yunwa. Shi dai bai sake kwana a garin ba.

Ƙanin maigida ya tsufa a gabana. Duk lokacin da aka sauke buhu a zaure sai ya dube ni ya ce, da mun yi ƙaryar nan da yanzu shi ne ke shigo da shi da kansa. Ni kuma in ce masa ya kama mini gefe ɗaya mu shigar.