Tafinta da ƙeya

A shekarata ta biyu a birnin Lyon na yi wa wata likita tafinta. Matsalolin shimfiɗar aure take dubawa. Kafin na zo karatu, labarai nake karantawa a rediyo a gida, don haka na ɗauka babu maganar da za ta gagare ni.

Wata Talata aka kawo mana Alhaji da Hajiya, mutanen Damagaram mazauna Vaulx-en-Velin, a gefen birnin. Tun da aka yi wa Alhaji aikin mafitsara ya ɗauke bargonsa ya koma falo. Hajiya ta gaji, har ta sa ɗanta ya nemo mata tikitin komawa gida.

Bayan doguwar gaisuwa, likita ta yi tambayar farko, na fassara.

"'Yar nan," in ji Hajiya, "na haifi kamarki. Kina kallona zan faɗi wannan?"

"Ai 'yar rediyo ce," in ji Alhaji. "Wa ya taɓa ganin fuskarsu? Bari ta juya mana ƙeya."

Na juya kujerata ga taga. Haka na yi aikin har ƙarshensa. Abin da na gani a makonnin nan jajayen rufin gidaje ne, da hazo yana tashi daga kogi, da tantabaru masu sauka su tashi ba dalili. Muryoyin suna fitowa ta bayana kamar tashar nesa. Ta Alhaji ƙasa-ƙasa: tsoro yake ya gwada ya kasa. Ta Hajiya kuwa tare da awarwaronta take zuwa, suna ƙara duk lokacin da ranta ya ɓaci.

Likita ta ce masu bincike sun daɗe suna auna numfashi da bugun zuciyar ma'aurata, suka ga tsoron kasawa kaɗai yana iya kashe jiki. Ta hana su kwanciya wata guda. Taɓa hannu kawai, da kafaɗa, ba tare da neman komai ba.

"Abin da na bari shi za a hana ni?" Alhaji ya yi dariya.

A zuwansu na ƙarshe likita ta tambayi batun tikiti. Awarwaron suka soma ƙara, sai suka tsaya cak, yadda ƙarfe yake yin shiru in an dafa shi da tafin hannu.

"Ki ce mata sanyi ya yi sauƙi," in ji Hajiya. "Tafiyar ba ta gaggawa ba ce."

Na fassara, idona yana kan tantabarun.