Kafaɗar da Aka Ɗaure

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku. Ga wata nan zan ba ku, amma ba tatsuniya ba ce. A jikina ta faru, ni da ƙanwata.

Lokacin naira ba ta daɗe da shigowa ba, babura sun fara yawa a hanyar Gwaram. Muna aure gida ɗaya a wajen Kwandiko, ni ina auren wan, ita tana auren ƙanin. Gidan yawa ne, daka da surfe duk a kanmu. Bayan sussukar wata kaka sai kafaɗa ta kama mu, tawa ta dama, tata ma ta dama.

Uwar mazajenmu, wadda muke kira Inna, ita ke yanke hukunci a gidan. Ta ce ciwo ba a motsa shi. Ta sa majanyi ta ɗaure mana hannu a ƙirji. Wanzami ya kafa mana ƙaho. Ranar kasuwa mai allura ya zo a kan babur, ya soka mana, ya tafi. Ciwon bai tafi ba, hannu kuwa ya sandare. Ɗankwali ya gagare ni ɗaurawa. Kabbarar salla ma da hannu ɗaya nake ɗagawa.

Ana haka ɗana ya yi zazzaɓi, aka bar ni na kai shi asibitin Birnin Kudu. Wata ma'aikaciya, dattijuwa, ta gama duba yaron, sai ta dube ni.

Ta ce, “Baiwar Allah, wa ya ɗaure ki kamar akuyar kasuwa?”

Na ce, “Magani ne.”

Ta ce, “Wannan ne ciwon.”

Ta kwance majanyin, ta gasa mini kafaɗar da tsumma da ruwan ɗumi, ta murza har na yi ƙwalla. Ta ce in sunkuya in saki hannun yana lilo kamar guga a rijiya. Ta ce in fuskanci bango in riƙa hawa da yatsu, yau nan, gobe gaba kaɗan.

Da na dawo Inna ta tare ni. “Allura nawa suka yi miki?”

“Ko ɗaya, Inna.”

“To, yawo kika je.”

A bayan rumbu nake yin abina. Rannan wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga, ta gan ni a sunkuye ina kaɗa hannu, can kuma ina yakushin bango. Ta kwasa da gudu tana salati, wai iska ta hau ni. Ku ji fa! Mace tana neman lafiyarta, aka taru aka lulluɓe ta da bargo, Inna ta turara ta da hayaƙi har tana tari kamar za ta shiɗe.

Mijina, Allah ya ji ƙansa, shi ya kore su. Ya ce, “Bangon nawa ne. In ta rushe shi na sake ginawa.”

Ƙaninsa kuwa ya rantse matarsa ba za ta hau bango kamar ƙadangare ana yi da shi a gari ba. Ƙanwata ta ga hannuna ya fara kaiwa kunne. Ta same ni a ɗaki ta ce, “Yaya, nuna mini, don Allah.” Na kwance ta, mun fara ke nan Inna ta ɗaga labule. Ta ce in riƙe aljanuna ni kaɗai. A gabana ta mayar da majanyin, ta ƙara tamkewa, mijin yana tsaye a ƙofa. Har yau in na tuna, zuciyata tafasa take.

Ni dai kafin shuka na koma turmi. Inna ta rasu tana faɗa wa mutane hayaƙinta ne ya warkar da ni. Mai allura ya sayi mota, ya daina zuwa ƙauye. Ma'aikaciyar nan ban sake ganinta ba, ina yi mata addu'a. Ƙanwata ta haifi yara bayan haka, babu wanda ta iya goyawa da kanta, sai an ɗora mata, kuma da wannan hannun aka kai ta kushewa. Mijinta yana nan da ransa, ya tsufa. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ni kuma gaisuwa kawai ke haɗa mu.